Kurakuran da masu sayen hannun jari ke yi wajen binciken kamfani

Yawancin waɗanda ke zuwa mini da kukan asara a hannun jari, in na tambaye su ko sun taɓa buɗe rahoton kuɗin kamfanin, sai su ce a WhatsApp suka ji labarinsa. Abin yana damuna, domin duk kamfanin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya, wato NGX, dole ne ya fitar da rahoto duk wata uku, da na ƙarshen shekara wanda masu binciken kuɗi suka tantance. Kyauta ake sauke su a shafin kasuwar.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne ganin yawan ciniki su ɗauka riba ce. Dubi MTN Nigeria a 2023: cinikinsa ya haura naira tiriliyan 2, amma ya rufe shekarar da asarar kusan naira biliyan 137. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta yi tashin gwauron zabi, sai bashi da hayar turakun sadarwa da ke bin farashin dala suka kumbura. Nestlé Nigeria ma haka ya sha. Irin wannan haɗari a rubuce yake can ƙarshen rahoto, cikin bayanan da ke fayyace alƙaluma, shafukan nan masu ƙananan rubutu da kowa ke tsallakewa. Nan za ka fara. Nemo shafin bashi, ka ga nawa ne na dala, sannan ka tambayi kanka: da wane kuɗi kamfanin ke sayar da kayansa?

Wasu kuma da sun ga hannun jari na naira 2 sai su ce ya yi arha. Arha ba ta ado. Duba ribar da kowane hannu ɗaya ya samar, ka gwada ta da farashinsa.

Akwai masu saye bayan sun ji an sanar da rabon riba, ba su duba ranar rufe rajistar masu hannun jari ba. Wanda sunansa bai shiga kafin ranar ba, ba shi da ko kwabo.

Ga mai gudun riba ta haram, sanin cewa kamfani siminti ko sukari yake yi bai wadatar ba. Sai ka duba yawan bashin ruwa da ke kansa, ka kuma leƙa NGX Lotus Islamic Index, wato jerin kamfanonin da suka dace da shari'ar Musulunci, ka ga ko sunansa na ciki.