Yadda Ake Adana Kalmomin Sirri da Sunayen Shiga Cikin Aminci

Duk mai amfani da intanet a yau yana da asusu barkatai, daga na imel da banki zuwa na kafofin sada zumunta da shafukan da ya buɗe sau ɗaya ya manta da su. Babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe kalmar sirri ta daban ga kowannensu, shi ya sa mutane da yawa suke maimaita kalma guda ko'ina, kuma a nan ne babban haɗarin yake. Idan 'yan kutse suka fasa shafi ɗaya, sukan kwashe adiresoshin imel da kalmomin sirri, sannan su sa kwamfuta ta riƙa gwada su a sauran shafuka har sai wata ƙofa ta buɗe. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu biliyan 3, bayanan da aka sace daga LinkedIn a 2012 kuwa sun bayyana a kasuwar ɓoye a 2016, na mutane fiye da miliyan 100.

Matakin farko shi ne ka san abin da ka mallaka. Ka bincika akwatin imel ɗinka, ka nemo saƙonnin maraba da shafuka suka taɓa aiko maka, ka rubuta sunan kowane shafi da sunan da kake shiga da shi. Wanda ba ka da buƙatarsa ka rufe shi. Daga nan ka shigar da adireshin imel ɗinka a shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya kafa a 2013, domin ganin ko yana cikin bayanan da aka taɓa sacewa.

Na biyu, ka zaɓi manhajar adana kalmomin sirri. Aikinta shi ne ta ƙirƙiro kalma mai tsawo wadda ba ta da ma'ana ga kowane shafi, ta kulle ta tare da sunan shiga, sannan ta cike maka su a lokacin buƙata. Bitwarden tana da tsarin kyauta kuma tana aiki a waya da kwamfuta, KeePassXC tana ajiye komai a cikin na'urarka ba tare da aikawa ko'ina ba, 1Password ta kuɗi ce, sannan Google da Apple suna da nasu a cikin wayoyi. Ko wacce ka ɗauka ta fi rubutu a littafin lambobin waya ko hoton da aka ajiye cikin hotuna. Akwai kuma wani amfani da ba a cika ambata ba: manhajar tana duba adireshin shafi kafin ta cike kalma, saboda haka idan aka turo maka shafin bogi mai kama da na bankinka, za ta ƙi cikewa, kuma wannan ƙin gargaɗi ne da bai kamata ka tsallake shi ba.

Mataki na uku ya fi kowanne muhimmanci, wato kalmar da za ta buɗe manhajar kanta, domin ita kaɗai za ka haddace. A 2022 an sace kullallun ma'ajiyoyin masu amfani da LastPass, wata manhajar adana kalmomin sirri, kuma abin da ya rage tsakanin ɓarayin da sirrin mutane shi ne ƙarfin wannan kalma. Ka haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da dangantaka da juna, kamar tsani, gajimare, azurfa, kunkuru da fitila, amma kada ka ɗauki waɗannan tunda an riga an buga su. Ka guji karin magana, baitin waƙa, sunan ɗa ko ranar haihuwa, domin su ne farkon abin da ake gwadawa. Tun 2017 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta fifita tsawo a kan cusa alamomi, ta kuma daina ba da shawarar canza kalma lokaci-lokaci sai idan akwai alamar an sace ta.

Bayan haka ka soma sauya tsofaffin kalmomi, kuma ka fara da imel, domin ta nan ake aiko hanyar sabunta kalmar sirri ta kusan kowane asusu. Wanda ya kama imel ɗinka ya kama sauran. Banki ya biyo baya, sannan kafofin sada zumunta. Ragowar ka riƙa gyara su duk lokacin da ka shiga.

A kan waɗannan manyan asusu ka kunna tantancewa ta mataki biyu, wato shafin ya nemi wata lamba ta musamman bayan kalmar sirri kafin ya bar ka ka shiga. Lambar da ake turowa ta saƙon waya ta fi babu, sai dai ana iya yaudarar kamfanin waya a mayar da layinka hannun wani, don haka manhaja irin Google Authenticator, wadda ke sauya lamba duk daƙiƙa 30, ta fi tsaro. Kada ka taɓa karanta wa kowa wannan lamba, ko da ya ce daga banki yake kira.

Lokacin kunnawa, shafin zai ba ka lambobin ceto waɗanda za su shigar da kai idan wayarka ta ɓata. Ka rubuta su da hannu a takarda, tare da kalmar buɗe manhajar, domin yawancin kamfanonin manhajojin adana kalmomin sirri ba su da ikon dawo maka da ita idan ka manta. Ka ajiye takardar inda kake ajiye takardun gida masu muhimmanci, nesa da kwamfuta da jakar da kake fita da ita, kuma ka sanar da mutum ɗaya amintacce inda take, saboda rashin lafiya ko rasuwa.