Yadda ake ɗaukar hoton manyan duwatsun Yosemite a lokacin dusar ƙanƙara

Kwarin Yosemite yana cikin tsaunukan Sierra Nevada a jihar Kalifoniya ta Amurka, a tsakiyar gandun ƙasa da aka kafa a 1890. A nan ne dutsen El Capitan ya miƙe tsaye kamar bango, tsawonsa kusan mita 900 daga ƙasan kwarin. Wanda ya tsaya a gindinsa sai ya ɗaga kai har wuyansa ya gaji, amma idan ya duba hoton da ya ɗauka sai ya tarar dutsen ya koma ɗan tudu. Aikin mai ɗaukar hoto shi ne ya maido wa dutsen kwarjininsa, kuma lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Maris, ya fi kowane lokaci taimaka masa.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Ƙasan kwarin bai wuce kimanin mita 1,200 sama da teku ba, saboda haka dusar ƙanƙara ba ta daɗewa a kan rassan bishiyoyi. Da zarar rana ta fito, cikin 'yan sa'o'i sai ta fara zubewa. Abin da ake nema shi ne ɗan tsakanin nan da hadari ya gama zubar da dusa ya fara washewa, gajimare na ratsa tsakiyar duwatsu, haske na faɗowa a wani gefe yana barin wani cikin duhu. Irin wannan yanayi ne Ansel Adams, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, ya ɗauka a shahararren hotonsa na wannan kwari. Don haka sai ka riƙa bibiyar hasashen yanayi, ka isa wurin tun dusa na sauka, ka jira. Wanda ya bari sai sama ta yi garau sannan ya fito daga masauki, ya makara. Ka riƙe sarƙoƙin taya a mota domin akan wajabta ɗaura su, kuma ka sani hanyar Tioga, wadda ta ratsa saman tsaunukan gandun, a rufe take duk tsawon sanyi.

Mataki na biyu shi ne zaɓen matsaya. Daga Tunnel View, wurin kallo da ke bakin ramin hanyar mota mai shiga kwarin, El Capitan yana hannun hagu, magangarar ruwan Bridalveil tana dama, dutsen Half Dome kuma yana can nesa a tsakiya. Daga Valley View, wani wurin kallon da ke ƙasan kwarin, kana bakin kogin Merced, inda duwatsun da dusa ta lulluɓe a cikin ruwa suke cika gaban hoto. Kafin ka kafa kaya, ka dubi ƙasa: sawun ƙafarka a kan sabuwar dusa ba ya goguwa, saboda haka ka zagayo ta baya, kada ka taka wurin da zai shiga hoto.

Na uku shi ne gilashin kyamara, kuma a nan ne masu koyo suka fi yin kuskure. Zuciya takan ce a ɗauki gilashi mai faɗin gani domin komai ya shiga, alhali shi ne yake ƙanƙantar da dutse, kuma idan ka ɗaga kyamara sama sai bangon ya zama kamar zai kishingiɗa baya. Gara ka ja da baya, ka yi amfani da gilashi mai jawo nesa, misali milimita 70 zuwa 200, ka daidaita kyamara ba tare da karkata ta sama ba. Sannan ka saka abin da ido ya san girmansa a ƙasan hoton, kamar jerin dogayen bishiyoyi, domin mai kallo ba zai gane tsawon mita 900 ba sai ya ga bishiya ta zama kamar tsinke a gindin dutsen. Ba dole ba ne ƙolin ya fito. Sau da yawa hoton da gajimare ya ɓoye saman dutse ya fi nuna tsayi, domin ido yana ci gaba da hawa inda dutsen ya ɓace.

Na huɗu shi ne saita haske. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin matsakaicin toka-toka, shi ya sa yake duhunta farar dusa ta koma launin toka. Maganin shi ne ka ƙara haske da mataki +1, wani lokaci har +2 idan fari ya mamaye hoton, sannan ka duba jadawalin haske na histogiram ka tabbata bai manne da bangon dama ba, domin farin da ya ƙone ba ya dawowa. Ka ɗauka a tsarin RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba), ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, buɗewar idon gilashi tsakanin f/8 da f/11. Dusar da ke cikin inuwa takan yi shuɗi saboda hasken sama take mayarwa. Ana iya rage shuɗin a kwamfuta, amma ina ba da shawarar a bar kaɗan, domin shi ne yake sa mai kallo ya ji sanyin wurin.

Na biyar, ka kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, ka danna ƙafafun har su taɓa ƙasa mai ƙarfi, ka saita jinkirin daƙiƙa 2 kafin ɗauka don kada hannunka ya girgiza ta.

Hasken yamma ne yake sa fuskar El Capitan da ta Half Dome su yi ja kamar garwashi, kuma a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, saboda haka ka shirya da wuri. A tsakiya zuwa ƙarshen Fabrairu, idan akwai ruwa a magangarar Horsetail da ke gefen gabashin El Capitan kuma yamma ta washe, hasken faɗuwar rana yakan sa ruwan ya yi kama da wuta mai kwarara na 'yan mintoci. Jama'a suna cika wurin sosai, don haka ka bincika ƙa'idojin shiga na wannan shekarar kafin ka tashi.

Mataki na ƙarshe shi ne kula da kanka da kayanka. Kada ka matsa gindin bangon dutse, musamman bayan rana ta fara ɗumama shi, domin ƙanƙara da duwatsu suna ɓallowa daga sama ba tare da gargaɗi ba. Sanyi yana cinye batir da sauri, saboda haka ka ajiye na ko-ta-kwana a aljihun ciki kusa da jikinka, ka kuma guji yin numfashi a kan gilashi. Idan ka gama, ka cire katin hotuna tun kana waje, ka saka kyamara cikin leda ka ɗaure bakinta kafin ka shiga mota ko ɗaki mai ɗumi, ka bar ta awa ɗaya ko biyu ta ɗumama a hankali, domin raɓar da za ta taru ta kwanta a jikin leda maimakon cikin kyamara.