Yadda Ake Yi Idan Magani Ya Karya Fararen Ƙwayoyin Jini

A Zariya da jiki ya yi zafi, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai maleriya ce ko taifot, sai a aiki yaro kemis. Amma akwai mutanen da wannan sabon zai iya kai su kushewa cikin kwana ɗaya ko biyu, wato masu shan magungunan da ke karya fararen ƙwayoyin jini. Waɗannan ƙwayoyi, musamman nau'in da likitoci ke kira nitirofil, su ne ke tarar ƙwayoyin cuta da zarar sun shigo jiki. A ɓargo ake yin su, kuma ba sa daɗewa a cikin jini, don haka idan magani ya tsayar da ɓargo, kafin a ankara sun ƙare. Akasarin masu lafiya suna da 1,500 zuwa sama a kowace maikirolita (ɗan ƙanƙanin ma'auni da bai kai ɗigo ɗaya ba) ta jini. In suka sauko ƙasa da 500, jiki ya zama gida ba mai gadi, ko ƙwayoyin cutar da ke zaune lafiya a baki da hanji ma sun isa su shiga jini su yi kisa.

Matakin farko shi ne ka san ko maganinka yana cikin masu wannan hali. Na gaba-gaba allurar ciwon daji ce, wadda ake ce wa kemo. Ita an san halinta, ƙwayoyin sukan kai ƙarshen faɗuwa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura. Sauran kuwa ba sa sallama. Akwai kabimazol, wanda ake sayarwa da sunan Neo-Mercazole, na masu maƙoƙon da ke aiki fiye da kima. Yana yi wa kamar mutum 2 zuwa 5 cikin 1,000 haka, galibi a wata uku na farko. Akwai Clozaril na taɓin hankali, wanda aka taɓa janyewa a ƙasashe da dama a 1975 bayan mace-macen da aka samu a Finland, shi ya sa ake yi wa mai shan sa gwajin jini mako-mako a watannin farko. Sai Tegretol na farfaɗiya, da dafson na kuturta, da Septrin na kashe ƙwayoyin cuta, da zidobudin na ƙanjamau, da haidiroksiyuriya na masu sikila. Novalgin, maganin ciwo da zazzaɓi, shi ma yana ciki, Amurka ta hana sayar da shi tun 1977 saboda wannan matsalar. Ranar da aka rubuta maka ɗayansu, ka tambayi likita kai tsaye: wannan yana taɓa jini? Yaushe zan dawo gwaji? Ka kuma nemi a auna jinin kafin ka fara, saboda dalilin da zan faɗa a gaba.

Na biyu, ka sayi ma'aunin zafin jiki ka ajiye a ɗaki. Tafin hannu a goshi ba awo ba ne. A sa ma'aunin a baki ko a hamata, kada a sa shi ta dubura, don ɗan ƙwarzane a wurin ya isa ya buɗe wa cuta hanya. In ya nuna digiri 38 na ma'aunin Salsiyos ko fiye, ko makyarkyata ta kama ka, ko maƙogwaro ya fara ciwo, ko gyambo ya fito a baki, to lokacin tafiya ya yi. A auna kafin a sha farasitamol, domin shi yana kwantar da zafin ne, ya ɓoye alamar da za ta ceci rai. Kuma kada a jira ganin mugunya ko kumburi, tunda fararen ƙwayoyin ne ke yin mugunyar, ga shi babu su.

Ciwon maƙogwaron nan ne ya fi ba ni tsoro, saboda a wurinmu yakan ƙare ne a hannun wanzami da sunan beli ya sauko. Yanka a maƙogwaron mutumin da ba shi da masu tsaron jini, ai ganganci ne tsantsa. Haka ƙaho, haka tsaga, haka cire haƙori. Duk su jira.

Na uku, batun tsayar da maganin, kuma a nan sai an bambance. Mai shan kabimazol ko Novalgin ya tsaya nan take, kada ya ƙara ko ƙwaya ɗaya sai an ga sakamakon jini. Mai shan maganin farfaɗiya, ko na taɓin hankali, ko na ƙanjamau kuwa, yanke shi farat ɗaya da kansa na iya tayar da wata fitinar, shi nasa ya isa gaban likita a ranar, likitan ya yanke.

Na huɗu, asibiti, a ranar, ko da tsakar dare ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen cututtukan jini da na ciwon daji. Wanda ke cikin birni kuma Shika ta yi masa nisa a daren, ya fara da mafi kusa, kamar asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, in ta kama a tura shi gaba. A nufi sashen gaggawa, kada a zauna layin ganin likita. A kwashi dukkan magunguna da kwalayensu, har da na gargajiya da na kemis. Da isa ka faɗi maganar a dunƙule: "Likita, ina shan magani kaza, ko an yi mini kemo ranar kaza, yanzu ina zazzaɓi, don Allah a duba fararen ƙwayoyin jinina." Sunan gwajin a takarda FBC. A yi na maleriya ma, amma ko ya nuna akwai ta, hakan bai wanke ɗayar ba, su biyun suna haɗuwa.

Idan ƙwayoyin sun faɗi, za a kwantar da mutum, a ɗebi jini don gano ƙwayar cutar, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ba tare da jiran wancan sakamakon ba. Ƙa'idar ita ce a fara cikin awa ɗaya. 'Yan uwa su zo da shirin kuɗi tun daga gida, don kada wannan awar ta tafi a buge-bugen waya. Wani lokaci a ƙara da allurar filgirastim, wadda ke zaburar da ɓargo. In an tsayar da maganin da ya jawo abin, jini yakan farfaɗo cikin mako ɗaya zuwa uku.

A wannan tsakani sai an ɗan saɓa wa zumunci. Dubiya lada ce, amma ɗaki cike da jama'a, ga hunturu ga mura, cutarwa ce ga wannan mara lafiyar. Mai jinya ɗaya ko biyu sun isa, su riƙa wanke hannu da sabulu, sauran su yi "Allah ya ƙara sauƙi" ta waya. Ruwa a tafasa, abinci ya dahu a ci da zafinsa. A dakata da nonon da ba a dafa ba, da latas da kabejin lambu ɗanye, da tsiren da ya sha iska a kan tire. A goge baki da burushi mai laushi, a bar wa wani sharar akurkin kaji da ɗakin tantabaru.

Dalilin awon farko da na ambata shi ne, da yawa daga cikinmu 'yan Afirka ta Yamma nitirofil ɗinmu ƙasa yake da na Turawa tun haihuwa, gado ne mai alaƙa da rukunin jinin Duffy, kuma ba ciwo ba ne. Mutum na iya zama da 1,200 garau. In akwai tsohon sakamako a hannu, likita zai gane faɗuwa ce ko dama haka jinin yake, kada a raba mutum da maganin da yake buƙata a banza.

Bayan sallama, a rubuta sunan maganin a kati a sa a aljihu, a nuna shi a duk asibiti da kemis. Ban da kemo da ire-irensa da likita kan rage yawansu a ci gaba, maganin da ya yi wannan ɓarna ba a komawa gare shi. Wanda kabimazol ya kayar ma ba a sauya masa da ɗan'uwansa PTU, sai dai a duba tiyata ko maganin aidin mai tururin nukiliya. A kuma roƙi likita ko mai haɗa magani ya cike fom ɗin rahoton illar magani na hukumar NAFDAC.