Kurakuran da aka fi yi wajen kashe ƙwayoyin cuta a 'yan kwalaben lab

Wanda ya fi damuna shi ne a kwashi kwalabe ba a wanke su sosai ba a zuba a otokilef, wato na'urar da ke kashe ƙwayoyin cuta da matsattsen tururi mai zafi, wai ai zafi zai gama da komai. Wallahi ba haka ba ne, in jini ko maiƙo ya bushe a gindin kwalba tururi ba ya ratsa shi, ƙwayoyin suna nan a ƙarƙashi. A jiƙa su, a sa sabulu da ɗan burushi, a ɗauraye da ruwan famfo sannan a ƙarasa da ruwan distil, wato ruwan da aka tace ta hanyar tururi, don ragowar sabulu ma kaɗai ya isa ya ɓata sakamako.

Sai maganar lokaci, nan ne ake yawan yin asara. Otokilef digiri 121 a ma'aunin Celsius ake so na aƙalla minti 15, obin mai busasshen zafi kuma digiri 160 na awa 2 ko 170 na awa 1, amma fa lissafin yana farawa ne daga sanda zafin ya kai wannan mizanin, ba daga sanda ka kunna ba, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiya zafin ya sauka to daga farko za ka sake, ba a ɗorawa.

Kar a ɗaure murfi tam, a sassauta shi tururi ya samu hanyar shiga, kwalbar da aka toshe iska ce kawai a cikinta, cikin ba zai tsarkaka ba. Murfin roba kuwa ba ya shiga obin, narkewa zai yi.

Masu tafasawa a ruwa ko gogawa da sifirit, wannan ba ya kashe irin ƙwayoyin da ke shigewa cikin ɓawo su jure zafi. Haka tef ɗin da ake liƙa wa kayan wanda ke canza kala a otokilef, abin da yake nunawa kawai kayan sun ji zafi. In tabbaci ake so lokaci-lokaci a sa gwajin Geobacillus stearothermophilus a otokilef ɗin, wato wata ƙwaya mai jure zafi da ake sawa a ga ko otokilef ɗin ya kashe ta.

In an gama don Allah a bar obin ya huce kafin a buɗe, iska mai sanyi na fasa gilashi. Kunshin da ya fito daga otokilef a jiƙe kuma a sake tsarkake shi. A rubuta kwanan wata a jiki, a ajiye a rufe inda ƙura ba ta kaiwa.