Yadda malamin Hausa zai ci moriyar kuskuren ɗalibi a cikin aji

Duk wanda ya taɓa koyar da Hausa ga manya waɗanda ba su tashi da ita ba, kamar matasa masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa Arewa daga Kudu, ya san cewa darasi ba ya tafiya yadda aka tsara shi a takarda. Ɗalibi zai ce ya ci tuwo da miyar kuka, amma ya ɗaga murya a gaɓar ƙarshe, sai kalmar ta koma kukan hawaye, waɗanda suka ɗan iya Hausa a ajin kuma su fashe da dariya.

A irin wannan lokaci kada malam ya yi gaggawar komawa kan abin da ya shirya, domin darasin da ya fi amfani ya riga ya zo da kansa. Ya bari dariyar ta lafa, ya maimaita jimlar daidai ba tare da ya nuna mai kuskuren ba, sannan ya rubuta kalmomin biyu a allo don kowa ya ga cewa rubutunsu ɗaya ne. Nan ne zai bayyana musu cewa rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa, ko tsawon wasali, saboda haka kunne ne zai raba su. Ya riƙa ɗaga hannu yana sauke shi tare da muryarsa, ɗalibai suna bin sa, sannan ya ƙara da garin da ake zama da garin tuwo, inda tsawon wasalin farko ya bambanta ma'ana. Ƙamus ɗin Hausa da Turanci da G. P. Bargery ya wallafa a 1934 ya nuna waɗannan bambance-bambance, kuma ya dace malam ya ajiye shi kusa.

Kuskuren da ya shafi al'ada ya fi buƙatar lura. Na taɓa gaishe da wata ɗaliba da "Ina gajiya?", sai ta shiga ba ni labarin doguwar tafiyar da ta sha da ciwon bayan da ke damun ta. Ban katse ta ba, sai da ta gama na shaida wa ajin cewa amsar ita ce "Ba gajiya", ko da mutum ya gaji liƙis, domin gaisuwa daban take da tambaya. Haka nan idan ɗalibi ya ce wa mace "kai" maimakon "ke", ko ya tambayi dattijuwa sunan ɗanta na fari, wanda kunya ke hana ta faɗa, malam ya gyara masa cikin aji da taushin harshe kafin ya je ya ji kunya a waje.

Wani lokaci kuma ɗalibi zai zo da "tahi" da ya ji a bakin Basakkwace ko mutumin Maraɗi, malam ya yi hattara kada ya ce masa kuskure ne. Karin harshe ne na masu shi, sai dai a nuna masa cewa daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, "tafi" take rubutawa.

Da zarar an tashi daga aji, malam ya rubuta abin da ya faru a ɗan littafinsa tun bai manta ba, ya kuma buɗe darasin washegari da jimlar da aka yi kuskure a cikinta.