Yadda za ka gane ma'adinin da ke hannunka kafin dillali ya yi maka wayo

Abu na farko, ka daina yarda da kala. Kala ita ce ta fi yaudarar mutane a harkar nan, dutse ɗaya zai iya zuwa da kala biyar. Ka wanke shi tas, ka fito da shi rana, sannan ka fara gwaji.

Fara da goge. Samu fasasshen tayil fari, ka juya bayansa inda ba santsi ka goga dutsen. Zinari na gaske layin ruwan ɗorawa zai bari, shi kuwa fayirayit, dutse mai kama da zinari da ke ruɗar mutane a ramukan Zamfara layinsa baƙi-baƙi ne, kuma in ka ɗora masa guduma wargajewa zai yi, zinari kuwa sai dai ya baje. Hematayit, wani dutsen ƙarfe, ko da baƙi ne a ido, layinsa ja ne kamar tsatsa.

Sai tauri. Farce yana wajen 2.5 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wuƙa da gilashi kusan 5.5, kwaz (dutse mai kama da gilashi) 7. In dutsen ya karce kwalba to ya wuce 5.5 ke nan.

Ka jinjina shi a tafin hannu. Kuzar Jos nauyinta kusan ninki bakwai ne na ruwa, ƙaramin guntu ma za ka ji ya danne maka hannu, layinta kuma fari-fari ne duk da duhunta. Ka kanga wa dutsen maganaɗisu, in ya manne cak to magnetayit ne, shi ma dutsen ƙarfe.

Inda gizo ke saƙar shi ne baƙaƙen duwatsu masu nauyi. Kolombayit da tantalayit 'yan gida ɗaya ne, suna cakuɗuwa a dutse guda, tantalayit ya fi nauyi ya fi tsada amma wallahi ido ba ya raba su, ko wanda ya tsufa a harkar sai dai ya yi kirdado, kuma a nan ne ake cutar masu haƙa da yawa. Haka duwatsun litiyom na Nasarawa, wanda ake kira sifodumin sai ka rantse farin dutse ne na banza. Irin waɗannan kada ka sayar sai an auna, ka ɗebi samfur ka rubuta ramin da ya fito, ka kai ɗakin gwajin hukumar binciken ƙasa da ma'adinai ta Najeriya (NGSA) a Kaduna a auna shi.

Don Allah kada ka daka dutse a cikin gida, musamman mai ƙyalli irin na kwalli, dalma ce a ciki. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa duwatsun zinari a tsakar gida. Ka yi gwajinka a waje, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci.