Yadda ake kare tsoho daga faɗuwa a cikin gida

Yawancinmu sanda muke saya wa tsoho, shi ke nan mu ɗauka mun gama. Haka na yi wa Inna, kakata. Ranar da ta faɗi, sandar na jingine a bayan ƙofa, ita kuwa tana kwance a bakin makewayi da buta a hannu, ana kiran assalatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 abin ya fi shafa.

Fara da bin sawun tsohuwarku cikin duhu. Ka tashi ƙarfe huɗu na asuba, ranar da babu wuta, ka taka daga bakin gadonta zuwa makewayi. A nan za ka ci karo da dokin ƙofa, da bakin tabarma da ya naɗe, da turmin da aka bari a tsakar gida. Kwashe su. Sa fitila mai caji a hanyar, a bar ta a kunne har gari ya waye. Tocila ba ta isa ba, don hannu ɗaya na riƙe da buta, ɗayan na dafa bango.

Makewayin nan shi ne matsalar. Ruwan wanka da na alwala ba sa barin simintin ya bushe, gansakuka ta kwanta, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. A kankare shi duk mako. Tayil mai sheƙi kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan a gidan da akwai tsoho, komai kyansa. Kira mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango daidai inda take tsugunawa, domin wajen miƙewa ne gwiwa ke cin amana.  Da dare a ajiye mata fo a ɗaki. Za ta ƙi don kunya. Inna sai da ta ce min, "Kai ɗan nan, ni ka mai da jaririya?" A lallaɓa.

Sai jiri. Tsohon da ya zabura daga kwance jininsa kan sauka, musamman mai shan maganin hawan jini ko na barci. Ta zauna bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ta miƙe. Tattara magungunanta a leda ka nuna wa likita, kada ka dakatar da ko ɗaya da kanka.

A duba idonta ko akwai yanar ido. Silifas ɗin da ya cinye a jefar. Kada a hana ta 'yar tafiya, yawan zama ƙafa yake kashewa.

In ta faɗi, kada a finciko ta. Idan ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, wataƙila ƙugu ne ya karye. Asibiti za a nufa a yi hoto, ba gidan maɗori ba.